Harafi Shida a Ƙarƙashin Hoton Ardo

Allon farko da na rubuta da hannuna na wani mai gyaran rediyo ne a Wurno, kuma sau uku maigidana Baba Ladan ya sa na shafe shi da farin fenti na sake. Ba harafi na ɓata ba. Na fara RADIO da manyan baƙaƙe ina jin kaina, kafin in kai ƙarshen REPAIR katako ya ƙare, harafin ƙarshe ya maƙale a gefe kamar wanda aka cusa cikin motar kasuwa bayan ta cika. Baba Ladan ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Altine, kai da buroshi kaka hwarawa. Mai allo da ƙirga shika hwarawa. Harahi nawa na, katako taƙi nawa na. In ba ka san wanga ba, aje buroshi ka tai ka sha ruwa."

Ku da kuke tsayawa bakin rumfata a Goronyo da waya a hannu, kuna cewa ai aikin nan buroshi ne da fenti, kowa ma zai iya, ku sani shekara biyu na yi a gaban mutumin nan kafin ya bari na taɓa allon mai kuɗi. Wanke buroshi da kananzir nake yi, da dama fenti, da riƙe tsani. Daga nan na koyi jan layi: a shafa wa zare bula, a ɗaure shi gefe da gefe, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar shuɗin layi a bango. Sai yankan harafi. Tsohon fim ɗin hoton ƙirji da ake zubarwa a asibiti muke karɓowa, mu zana harafi a kai, mu ƙwaƙule shi da reza. A ɗora a kan buhu ko bango, a dangwala soso, harafi ya fito tsaf. Yankan harafi ɗaya mai kyau yana cin rabin awa, in kuwa reza ta zame, ka yi asarar fim da yatsa gaba ɗaya.

Masu kawo aiki kuwa kowa Turanci yake so. Mai kemis, mai aski, mai cajin waya, dillalin albasa da yake son sunansa a kan buhu, duk sai su ce a sa da Turanci, wai ya fi kwarjini, ko da shi da masu sayen kayansa babu mai karantawa. Ni kuma bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya. Karatun zaure na yi mai ɗan zurfi, amma Turanci tsintarsa na riƙa yi a jikin kwalin magani da gwangwanin madara da bayan manyan motoci.

Abin da ya rufa mini asiri wani littafi ne mai bangon kwali da na ɗinka da kaina. Duk kalmar Turancin da na tsinta sai in shigar da ita, amma ba yadda 'yan boko suke jerawa ba. Ni da tsawo nake jerawa. Masu harafi uku shafinsu daban, masu huɗu daban, har zuwa masu goma sha biyu. In mutum ya kawo katako, sai in auna, in ce layin nan harafi biyar zai ci, in buɗe shafin biyar in zaɓa masa. A cikin kowane shafi kuma ina haɗa waɗanda suka yi tarayya a haruffa, saboda wahalar yanka. In na yanka AT sau ɗaya, na sami kyanwa da tabarma da ɓera da hula, harafin gaba kawai zan riƙa canjawa: cat, mat, rat, hat. A gefen kowace kalma ina rubuta ma'anarta da ajami. Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo aka san ni da wannan littafi, har mutane suka ɗauka na sha Turanci, ni kuma ban taɓa gyara musu zato ba.

Akwai kuma wani tunani da na gina a kaina, ba wanda ya koya mini. A Larabci na san kitabu da katibu da maktabu daga saiwa ɗaya suka fito. A Hausa ma noma da manomi dangi ne. Da na ga farm gona ce, farmer manomi, na ga paint fenti ne, painter ni ke nan, sai na yanke cewa a Turanci ma duk kalmomin da suka fara da haruffa iri ɗaya 'yan gida ɗaya ne. Sau da yawa na yi hasashe a kan haka na dace. Ina da ƙamus da na gada daga Baba Ladan, amma gara ta cinye farkonsa tun yana raye, daga harafin D ya fara. Duk abin da ya zo kafin D sai dai in dogara da kaina.

Shekarar da injin buga bana, wato allon talla na leda, ya yawaita a Sakkwato ita ce muguwar shekarata. Mutum zai aika hotonsa ta waya da safe, da yamma direba ya kawo masa bana mai sheƙi. Sai in yi kwana goma ban buɗe gwangwanin fenti ba, har ya yi fata a sama. Kullum da safe ina fitowa rumfa, ina kallon masu wucewa ko wani zai juyo. Cikin wannan hali wani ɗan kwangila ya ba ni aikin rubuta bangon azuzuwa a makarantun ƙauye guda shida. Ya miƙo mini takarda daga ofishinsu, kalmomin Turanci ne zalla a jere, masu harafi uku, masu huɗu, har zuwa shida. Aikina in rubuta su a bango, in sa ma'anar kowace da Hausa, in zana hotonta. Ya ce an gaya masa ni ba sai an fassara mini ba. Na ce haka ne. Ya ƙara da cewa in na yi nawa ko ya ga gyara, sauran makarantun sai ya buga musu bana.

Makaranta ta uku tana wani ƙauye bayan Rara, aji biyu ne kawai da ofis. Hedimastan, Malam Umaru, malamin Arabiyya ne, mutum mai haƙuri, shi kaɗai yake riƙe da makarantar tun da aka ɗauke malamin Turancinsu ba a kawo wani ba. Ranar da na isa ya nuna mini yara tara a gefe guda na ajin, ya ce 'ya'yan rugar Ardo Jabbi ne, shekara biyu yana sintiri zuwa rugar kafin a ba shi su. Ya kuma gaya mini abin da ya faru da kakar bara. Shanu sun shiga gonar wake, samarin gari suka fito da gora, samarin ruga suka fito da sanduna, Ardo ya tsaya a tsakiya ya kora nasa gida, ya yarda da hukuncin mai gari. An zauna lafiya, amma har a rugarsa akwai masu gunagunin cewa tsoro ya ji.

Na fara aiki lafiya lau. Bangon sabon shafe ne, ya sha fenti da kyau. Ina da al'ada, in zan zana mutum ko dabba nakan ɗauko na garin, don yara su gane su yi murna. Akuyar liman mai tabo a goshi ita na zana wa goat. Kwalekwalen da na saba gani a dam ɗin Goronyo shi na zana wa boat, kuma OAT ɗin yanka ɗaya na yi musu. Sai na zo layin masu harafi shida, na ci karo da coward.

Ba ta cikin littafina. Ƙamus kuwa gara ta cinye C. Na zauna a kan tsani ina juya ta. Farkonta cow ne, saniya, wannan ko yaron aji ɗaya ya sani. Saniya da ɗan ƙari a bayanta, kamar gona da manomi. Wa ke bin bayan saniya? Makiyayi. Wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Ina da lambar mutum biyu ko uku da zan iya kira in tambaya. Amma na san maganar za ta zaga, a ce Altine mai littafi yana tambayar ma'anar kalmar 'yan firamare, ta kai kunnen ɗan kwangila. Na mayar da wayar aljihu na ɗauki buroshi.

Kuma don in faranta wa Malam Umaru da yaran nan tara, sai na zana Ardo Jabbi da kansa. Na gan shi ranar da ya rako su: dogo, da malfa mai jan baki, da shuɗiyar riga, sanda a gicciye a kafaɗa, da ɗan gemu fari a tsinin haɓa. Ban taɓa yin hoton da ya yi kama da mai shi kamar wannan ba. A ƙasa na dangwala haruffa shida, na rubuta makiyayi a gefe. Ardo ya zo ya gani, ya yi murmushi ya rufe baki da gefen riga, washegari ya aiko mini da ƙwaryar fura da nono. Ina haɗa kayana ina jin ajin yana rerawa, Malam Umaru yana nunawa da tsumagiya, harafi bayan harafi, su ƙare da "makiyayi" da ƙarfi. Yaran gari suna nuna yaran ruga suna kiransu da kalmar, su kuma suna washe baki.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Goronyo, Alhaji Modi ya kawo mini katako. Tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon maganin shanu, ya yi karatu har Zariya. Na auna katakon, na buɗe littafina.

Na ce, "Alhaji, layin ƙasa harahi shidda za shi ci. Tunda makiyaya ka sayen kayanka, ga wagga mu sa."

Ya sa tabarau ya duba, sai ya fashe da dariya. "Malam Altine, wa yab ba ka wagga? So kaka yi su ƙone man shago?"

"Ba makiyayi taka nuhi ba?"

"Matsoraci taka nuhi. Rago, wanda ka gudu in maza sun tsaya. Babu ruwanta da saniya."

Ya ci gaba da dariya har ya ɗago ya ga fuskata, sai ya cire tabarau. Ya ce, "Ba dai ka rubuta ta wani wuri ba?"

Na rufe littafin na miƙe. Na bar masa katakonsa a nan, na ɗaure gwangwanin farin fenti da buroshi a bayan babur, na jefa littafi da ƙamus cikin jaka. Ko rumfa ban rufe ba, maƙwabcina mai faci na ce wa ya duba.

Damina ce, an yi ruwa da asuba. Har Rara hanya ta yi mini sauƙi, daga nan sai taɓo. Sau biyu na sauka na tura babur, takalmina ɗaya ya maƙale na zaro shi da hannu. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya nake yi: a garin babu mai jin Turanci, in na isa kafin a tashi makaranta zan ce gyaran fenti na zo yi, in shafe, ba wanda zai sani. Sai kuma in tuna yaran nan tara, da gora da sandunan bara, sai in ƙara wuta. Addu'ar da na yi a hanyar nan ban yi irinta ba ko ranar da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti.

Da na shawo kwanar makarantar na san na makara. Babu rerawa. A gindin darbejiyar da ke gaban ofis an shimfiɗa tabarmi, mai gari da liman da Malam Umaru a gefe guda, Ardo Jabbi da mutanensa a ɗaya gefen, kuma samarin ruga ba su zauna ba. Daga nesa samarin gari sun jingina da katanga suna kallo.

Malam Umaru ya taso ya tare ni, ya gaya mini a gurguje. Ƙanen Ardo, Sambo, mai kai shanu kudu, ya dawo shekaranjiya. 'Ya'yansa mata biyu suna cikin taran nan, su suka ja hannunsa don ya ga hoton baffansu. Shi kuwa ya san kalmar, an taɓa jifansa da ita a kasuwar shanu a can. Tun jiya babu yaron ruga ko ɗaya a aji. Abin da rugar ta yarda da shi shi ne mutanen gari ne suka sa a rubuta, don a yi wa Ardo gorin bara, a sa 'ya'yansu su riƙa zagin shi da bakinsu.

Na yi sallama na durƙusa. Malam Umaru, don ya cece ni, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam Altine, halan haka takarda taz zo daga birni, da ma'ana da komi?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, kuma na so in shige. Amma na kalli Sambo na ga ba zai saya ba. Birni ba su san malfar Ardo ba, ba su san gemunsa ba. In na ce birni ne, zai tabbata ana rufa wa wani asiri a garin.

Na ce, "Ardo, ranka shi daɗe, kalma daga birni taz zo. Ma'ana da hoto ni nis sa. Babu wanda yas sa ni, ko mutum guda cikin garin ga bai san mi taka nuhi ba. Ni ma ban sani ba sai yau da hantsi."

Sambo ya ce, "Ƙarya ta. Kai da aka cewa ka sha Turanci?"

"Ban sha ba. Ƙirga harahi na iya."

Na zaro littafin na buɗe musu, na nuna yadda nake jerawa, da yadda na ga saniya a farkon kalmar na ɗauka danginta ce. Na zaro ƙamus na nuna inda gara ta ci. Liman ya karɓi littafin ya karanta ajamin da ke gefe a fili, inda na rubuta makiyayi da hannuna. Shekara ashirin da wani abu ina ɓoye abin da na tona a tabarmar nan cikin minti biyar, a gaban mutanen gari da na ruga. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ardo ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce, "Mai fenti, kana da waya?"

"Ina da ita."

"Ka san masu ilimin abin?"

"Na sani."

"To mi yah hana ka tambaya?"

Na ce, "Tsoro, Ardo. Na ji tsoron a ce Altine bai sani ba, aiki shi kuɓuce man."

Ya juya ga ƙanensa. "Sambo, mi kac ce kalmar taka nuhi?"

"Matsoraci."

Ardo ya gyara malfarsa a gwiwa. Ya ce, "To kalma ba ta yi laihi ba, hoto na anka sa wanda ba nata ba. Bar ta inda take, mai fenti. Ka ɗauke ni, ka sa mai ita."

Ba wanda ya yi dariya, ko cikin samarin. Na tashi na kwance madubin babur ɗina, na shiga ajin, su duka suka biyo ni suka cika taga da ƙofa. Na shafe Ardo da farin fenti, malfa da sanda da gemu, hoton da ya fi kowane kyau a aikina. Na jira ya sha iska. Na jingina madubi a kan benci na zana abin da na gani: hula mai ɗigon fenti, buroshi a bayan kunne, wushirya, da idanun mutumin da bai san yadda za a ƙare da shi ba. Na goge makiyayi na rubuta matsoraci. Kafin la'asar na gama.

Na tambayi Ardo ko in sake zana shi a wani gefen, da kalmar gaskiya. Na riga na kira Alhaji Modi a gabansu ya ba ni ita, herder, ita ma harafi shida ce. Ardo ya girgiza kai ya ce ya zauna bango sau ɗaya, ya ishe shi.

Washegari Malam Umaru ya kira ni ya ce yara bakwai sun dawo. 'Yan matan Sambo biyu ba su dawo ba, kuma ba su sake dawowa ba har yau. Babbar ita ce ta fi kowa a ajin, in ji shi. Duk lokacin da na haɗu da Malam Umaru sai na tambaya, shi kuma ya san abin da zan tambaya, yakan girgiza kai tun kafin in buɗe baki. Labari ya kai wa ɗan kwangila kamar yadda na ji tsoro, sauran makarantu uku bana ya buga musu. Wannan bai dame ni kamar yaran biyu ba.

Littafin yana nan, ga shi a kan benci, kuna iya buɗewa. Za ku ga wasu kalmomi da jan ɗigo a gefe, waɗanda na bi ɗaya bayan ɗaya na tambaya aka tabbatar mini. Wadda ba ta da ɗigo ba ta hawa allo, ko mai katako zai tafi da kuɗinsa.

Hoton ma yana nan, fentin mai na sa, ba ya fita da wuri. Yaran da suka yi karatu a ajin sun girma, wasu suna kawo albasa kasuwar Goronyo, wasu shanu. Ba su san sunana ba, amma sun san fuskar. Sukan tsaya bakin rumfar nan, su cire takalmi, su gaishe ni da ladabi da kalmar nan mai harafi shida. Ni kuma ina amsawa.